Rabin Katin da Na Bari

Kafin ku fara yi min wa'azi a ƙasan rubutun nan, ku tsaya ku ji abin da aka yi min ranar Laraba. In kun gama ji, duk wadda ta ga ni ce mai laifi ta faɗa, ba zan goge maganar kowa ba. Amma haƙuri dai ba zan bayar ba, wannan ku cire rai tun yanzu.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, shekarata ashirin da bakwai, ina gidan iyayena, kuma katin gaisuwa nake yi da hannu: na barka, na godiya, na ban haƙuri, na sannu da jiki. Wurin aikina tsohon ɗakin ajiyarmu ne da ke jikin kicin. Taga ɗaya gare shi, ita ma bangon maƙwabta take kallo. A ciki akwai teburin katako da Abba ya bar min, wanda ya yi amfani da shi tun yana aiki a gidan waya. Ƙafarsa ɗaya ta gajarce, na tokare ta da ninkakken kwali. A kansa injina yake, bai fi rediyon Abba girma ba, da hannun murzawa a gefe irin na keken ɗinki.

Aikin injin matse takarda ne. Akwai faifan roba mai buɗewa kamar littafi, shafi ɗaya zanen ya yi tudu, ɗayan ya yi rami. Ki sa kati mai kauri a tsakiya, ki rufe, ki tura cikin injin kina murza hannun, sai ya fito ta can da furanni sun taso a jikinsa har ki ji su da yatsa. Wannan kowa zai iya, har Gwaggo in ta ga dama. Abin da ya bambanta nawa shi ne ba na barin zanen ya cinye katin duka. Rabi kawai nake tayarwa. In fesa wa katin ruwa kaɗan don kada ya tsage, in ɗora farantin matsi a kan iya wurin da nake so, in murza sau uku da ɗan ƙari, sai in tsaya cak in mayar da hannun baya. Furannin sai su taso daga ƙasa, su yi ta raguwa har su ɓace a tsakiya. Sama kuma ya zauna sumul, fili, don mai katin ya rubuta abin da ke ransa. Idan na zarce wurin tsayawa da ko rabin murza, bakin farantin zai gantsara wa katin layi a tsakiya, shi ke nan ya tashi daga aiki. Sai da na ɓata kati ya fi ɗari biyu kafin na iya. Ba da ido ake ganin wurin ba, a hannu ake jinsa: injin zai yi nauyi, ya ƙara nauyi, sai ya fara sakin jiki, to nan ake tsayawa.

Wannan filin ne Gwaggo ta rantse ba za ta taɓa fahimta ba. Yayar Abba ce, gidanta layi biyu ne da namu, amma a falonmu take yini. Ita ta raɗa min sunan da ya bi ni har wajen 'yan uwa.

"Rabin-aiki, yau kuma wa aka yi wa rabin kati?" Haka take cewa tun daga bakin ƙofa. "Ke dai komai naki sai kin kai shi tsakiyar hanya ki sauke. Makarantar jinya, shekara biyu kika dawo. Aikin kanti, wata biyar. Yanzu ga takarda ma ta shiga uku a hannunki."

Gaskiya ne na bar makarantar jinya, don duk ranar da na ga jini sai an kwashe ni a ƙasa. Aikin kanti kuma mai kantin ne ya fara min maganar da ba zan maimaita a nan ba. Gwaggo ta san duka biyun sarai, sunan ne dai ya yi mata daɗi a baki. Abba kuwa bai taɓa tanka mata ba. Shi mutum ne da in kin tara maganarsa ta yini guda ba za ta cika cokali ba, balle a gaban yayarsa.

Sai kuma Manaja. Shi ne mai gidan buga takardu na kan babban titi, inda ake yin kalanda da fosta, kuma a wajensa kaɗai ake samun kati mai kaurin da nake so. Sayen kati ne ya haɗa mu wata takwas da suka wuce. Ba zan yi muku ƙarya ba, ya kwanta min. Dogo ne, rigarsa kullum da karin guga, bai taɓa yi min latti ba. Akwai baƙin tawada a gefen farcen babban yatsansa da sabulu ya kasa fitarwa, kuma wallahi wannan tawadar ta fi turarensa burge ni. Aibunsa ɗaya ne, ba ya barin ki ƙarasa magana, shi zai ƙarasa miki.

"Ina tunanin ko in..."

"Ki sayi babban inji? Ba sai kin saya ba, ga nawa."

Labulen ɗakin aiki nake son cewa zan canza. Da farko na ɗauki abin kulawa ce, har ina jin daɗi. Sai ranar da ya ce a gaban Umma, in mun yi aure teburin nan da ɗan injin a bar wa gida don tarihi, ni dai in riƙa kawo zane ma'aikatansa su buga dubu a awa ɗaya. Umma ta yi ta sa masa albarka, wai 'yarta ta huta da murza hannu. Ni kuwa ji na yi kamar an ce a datse min hannun gaba ɗaya. Daga nan aka tsayar da cewa ranar Asabar zai zo da babban yayansa su zauna da Abba, kuma kafin ranar ake jiran amsata.

Don haka makonni biyu da suka wuce na yi masa kati. Ruwan madara, da ƙananan ganyaye suna hawa daga ƙasa, sama fili. Na miƙa masa na ce, "Ka rubuta min abin da kake so daga gare ni. Da hannunka, ba a waya ba." Ya yi dariya, ya zura a aljihun gaba, ya ce, "An gama, ranki ya daɗe." Tun ranar kullum ya zo idona na kan aljihun nan.

A tsakanin nan ne shugabar wata makarantar firamare ta ba ni aikin kati sittin da huɗu. Ɗalibanta za su gama aji shida, tana son kowane malami ya rubuta wa kowane yaro layi biyu na bankwana. Kwana huɗu na yi a kai, na gama ranar Talata, na jera su a kwali da takarda mai laushi tsakaninsu, na ajiye a kan tebur. Juma'a da safe zan kai.

Ranar Laraba na raka Abba asibiti duba ido. Muna kan layi wajen sha ɗaya saƙo ya shigo.

"Ranki ya daɗe, yau ina da tsaraba gare ki. Kada ki tambaya."

"Tsarabar me?"

"Na ce kada ki tambaya."

Allah ya sani, katina na ɗauka zai dawo min da shi. Sau huɗu na karanta saƙon ina murmushi ni kaɗai, har matar da ke kusa da ni ta leƙo wayar. Muna isa gida na yi wanka, na sa doguwar rigata koriya mai ɗinkin zare a wuya, wadda ya taɓa cewa ta yi min kyau. Na zizara kwalli, na ɗaura ɗankwali sau uku kafin ya zauna yadda nake so. Na leƙa ɗakin aiki in ɗauki 'yan kunnena da na bari a can, sai na ga teburin wayam.

"Umma, ina kwalin da ke kan teburina?"

"Au, Manaja ne ya zo da safe ya ɗauka," ta amsa daga kicin. "Gwaggonki ta nuna masa."

Gwaggo tana kan doguwar kujera ta miƙe ƙafa, kofin shayi a cinya. "Yaron kirki," ta ce. "Na ce masa ka ga halin mutuniyarka, jibi za ta kai aiki ga shi duk rabi-rabi, ta kwashi ubanta sun tafi asibiti. Ya ce in bar masa komai. Irin mijin da ke rufa asiri ke nan."

Nan na sha jinin jikina. Na kira shi sau uku bai ɗauka ba. Ƙarfe huɗu daidai na ji hon ɗin motarsa, ya shigo da sallama ɗauke da kwalina, har an ɗaure shi da jan zare mai sheƙi. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo da Umma, ya ajiye kwalin a gabana yana wani irin murmushi na wanda ya ci jarrabawa.

"Buɗe ki gani."

Na buɗe. Jama'a, na buɗe. Kowane kati an danna masa manya-manyan furanni tun daga sama har ƙasa, daga wannan baki zuwa wancan. Babban injinsa ya bi ta kan 'yan furannina ya murƙushe su, suka zama kamar tabon ƙuna a ƙarƙashin nasa. Babu ko wurin ɗora yatsa da ya rage sumul. Na ɗaga na farko, na biyu, na goma, na kai ƙasan kwalin. Duka sittin da huɗun.

"Minti ashirin," ya ce. "Abin da zai ci miki kwana biyu. Kin ga abin da nake faɗa miki?"

"Masha Allah," in ji Gwaggo. "Yau dai na ga cikakken kati a gidan nan."

Na shiga ɗakin aiki na ɗauko biro, na dawo na ɗora kati ɗaya a kan teburin falo, na miƙa masa biron.

"Rubuta sunanka."

"Sunana kuma?"

"Rubuta mana."

Ya karɓa yana dariya, ya duƙa. Biron ya hau tudun fure ya zame, ya faɗa rami, ya yi tsalle. Harafin farko ya fito kamar kaza ta taka tawada. Ya sake gwadawa a gefe, kan biron ya huda katin. Dariyar ta fara barin fuskarsa.

"Malamai ne za su rubuta wa yara sittin da huɗu bankwana," na ce. "A ina za su rubuta? A goshina?"

"Ai da sai su... a baya..."

"Bayan ma ka mayar da shi ramuka. Juya ka gani."

Ya juya ya duba. Sannan ya ce, "Wallahi na ɗauka ba ki gama ba ne. Da kin faɗa min..."

"Ka tambaye ni? Wata takwas kana ganin katunana. Ko sau ɗaya ka taɓa cewa me ya sa kike barin nan fili? Ba da ido ake tsayawa a wurin nan ba, a hannu ake ji, shekara biyu na yi ina koyo. Kai ka zo ka taka a minti ashirin."

"Ke!" Gwaggo ta daka min tsawa. "Mutum ya bar aikinsa ya taimake ki, sakayyar ke nan?"

Umma tana ta min alama da ido in yi shiru. Da na yi shirun, da ba don abin da ya biyo baya ba. Wai don ya gyara, sai ya sa hannu a aljihun gaba.

"To ga naki ma," ya ce a sanyaye. "Shi na fara yi, don in ba ki mamaki."

Katina ne mai ruwan madara. Ganyayena sun mutu ƙarƙashin furanninsa, filin da na bar masa ya cika taf da zane. Babu harafi ko ɗaya. Kwalin can ya ɓata min rai, amma wannan shi ya karya min zuciya, kuma ba na jin kunyar faɗa. Makonni biyu ina jiran layi ɗaya daga hannun mutumin nan, ashe shi gyaran kuskurena yake shirin yi.

"Na ce ka rubuta."

"Me zan rubuta? Kin san ina sonki. Na ga kamar..."

"Ka ga kamar. Kullum kai kake ganin kamar."

Na kwashi kwalina na shige ɗakin aiki na murɗa makulli. Ina jin Gwaggo tana ba shi haƙuri, wai ƙuruciya ce. Ƙuruciya a shekara ashirin da bakwai. Na yi kukana na minti biyar, na share kwallin da ya zubo da gefen ɗankwali, na kira shugabar makarantar. Ban ɓoye mata ba, na ce aikin ya lalace zan sake, na roƙe ta ta ƙara min lokaci zuwa ƙarfe biyu na ranar Juma'a. Ta ce biyu daidai, don Litinin yaran za su tafi. Na duba abin da ya rage min na takarda: manya talatin da shida, kowace tana ba da kati biyu. Saba'in da biyu ke nan, damar kuskure takwas kacal.

Saƙonsa ya shigo. "Ki yi haƙuri. Zan aiko da takarda ko nawa kike so."

"A'a."

"To bari in turo ma'aikata biyu su..."

"A'a."

Ku ce taurin kai ne, na yarda. Amma in na karɓi takardarsa, gobe labarin zai koma shi ne ya cece ni, Gwaggo ta samu na faɗa har jikoki.

Alhamis gari na wayewa na fara. Yanka, ninki, fesa ruwa, murza. Aikin kwana huɗu a kwana ɗaya da rabi. Kafin ƙarfe goma na yi sha huɗu, na ɓata biyu don sauri, kafaɗata kamar an rataya mata dutse. Ina tausa ta ke nan na ji an tsaya a bakin ƙofa. Abba ne, da farar rigarsa ta zaman gida, rediyon a hannu a kashe. Tun da ya ba ni teburin bai taɓa shigowa ɗakin ba.

"In murza miki?"

"Abba, idonka. Likita ya ce ka huta."

"Kin ce ba da ido ake yi ba."

Ashe jiya yana ɗakinsa yana jin komai. Na jawo masa kujera. Na shirya faifan da farantin, na ɗora hannunsa a kan hannun injin, na ce uku da ɗan ƙari, in ya ji ya fara sakin jiki ya tsaya. Ya murza da ƙarfinsa na maza, ya zarce. Layi ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiya. Ya kalli katin, ya kalle ni kamar yaron da ya fasa kofi.

"Saura biyar," na ce. "A hankali, Abba."

Na biyu ma ya zarce, amma kaɗan. A na uku ya rufe ido. Ɗaya, biyu, uku, da ɗan ƙari, sai ya tsaya.

"Nan?"

"Nan, Abba. Mayar baya."

Katin ya fito lafiya lau, furannin sun hau sun ɓace a hankali, sama sumul. Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa, daga tudu zuwa fili, daga fili zuwa tudu.

"Ashe tsayawar ce aikin," ya ce. Ya zura katin a aljihu. "Wannan nawa ne."

Ban hana shi ba, duk da damar kuskurena ta koma uku. Haka muka yini, ni ina yanka ina ninkewa, shi yana murzawa. Gwaggo ta leƙo da rana ta ga ƙaninta a kan kujera yana murza inji, ta riƙe haɓa ta ce, "Ikon Allah, har kai ta saka?" Bai ɗago ba. Kafin magariba mun kai arba'in da takwas, Juma'a da hantsi muka cike sauran, har kati biyu suka yi saura.

Biyu saura kwata na shiga ofishin shugabar makarantar, mayafina duk gumi. Ta zaro ɗaya ta shafa, ta kira wata malama ta ce ta gwada. Malamar ta cire murfin biro ta rubuta wa wata ɗaliba layi biyu a filin, biron yana tafiya sulu. Ta tsaya ta karanta abin da ta rubuta, sai na ga ta ɗan goge ido. Ban tambayi me ta rubuta ba, ba nawa ba ne.

Da la'asar aka zaunar da ni a falo. Gwaggo a doguwar kujera, Umma a gefenta tana murza bakin zani, Abba a kujerarsa ta kusa da taga.

"To, an gama fushin?" in ji Gwaggo. "Gobe mutane za su zo. Me za a ce musu?"

"A ce kada su zo, Gwaggo."

"Innalillahi," Umma ta ce. "A kan takarda? Ki dubi Allah, yaron nan bai yi da mugun nufi ba."

"Na sani, Umma. Shi ya fi ba ni tsoro. Da nufin alheri ya ɗauki aikina bai tambaye ni ba, da nufin alheri zai ɗauke teburina. Haka zai yi ta gyara ni har in rasa inda zan sa hannu a rayuwata."

"Ji wani iyayi," Gwaggo ta tafa hannu. "Na faɗa! Wallahi na faɗa tun farko! Wannan ma a rabi za ki bar shi. Rabin-aiki, har auren ma?"

"Eh, Gwaggo. Na ji inda ya kamata in tsaya, na tsaya."

Ta juya kan Abba. "Kai ba za ka yi magana ba? Kana zaune tana mayar min da magana?"

Na kalle shi. Kwana biyu muna murza inji ɗaya, na ɗauka ko kalma ɗaya zai ce. Sai ya miƙe, ya ɗauki rediyonsa, ya shige ɗaki. Duk maganganun Gwaggo ba su yi min zafin wannan ba. Na tashi na shiga ɗakin aiki na rubuta wa Manaja da kaina, don ba na son ya ji a bakin kowa: "Kada ku zo gobe. Ban amince ba." Alamar ya karanta ta fito. Bai amsa ba.

Yau Asabar. Umma ba ta amsa gaisuwata ba, ta dai tura min kofin shayi ba ta kalle ni ba. Na shiga ɗakin aiki da kofin, sai na ga kati jingine da injin. Wanda Abba ya ce nasa ne. Filin saman ya cika da rubutu, ƙanana, a karkace, irin na mai rawar hannu, wasu haruffan sun hau kan wasu don idon bai warware ba.

"Shekara talatin ina raba wasiƙun mutane, ban taɓa rubuta miki layi ɗaya ba. Jiya bakina ya kasa, ki yafe min. Ba dole ki ƙarasa abin da ba naki ba. Teburin naki ne, amsar ma taki ce. Na je gidan Gwaggonki da sassafe na faɗa mata da bakina, kuma sunan nan ya ƙare a gidana. Abbanki."

Ya tsaya daidai inda furannin suka fara, ko harafi ɗaya bai hau kansu ba. Na zauna a kujera na riƙe katin nesa da fuskata don kada hawaye ya ɓata tawadar. Daga ɗakinsa ina jin rediyo, an ƙure murya fiye da kullum.

Ban gama share ido ba na ji hon a ƙofar gida. Sau ɗaya, gajere, ba irin nasa na kullum ba. Wayata ta yi haske.

"Ni kaɗai ne, ban zo da Yaya ba. Na zo da biro."

Na kalli katuna biyun da suka yi saura a gefen tebur, samansu fili. Ba zan ɓoye muku ba, na tuna tawadar nan ta gefen farcensa. Amma ban miƙa hannu ga ko ɗaya ba. Na ɗauki wayar na rubuta:

"Ka jira. Abin da nake so shi ne"

Na tura a haka, ban ƙarasa ba. Alamar yana rubutu ta fito nan take. Ta tsaya. Ta sake fitowa, ta daɗe, sannan ta ɓace. Minti goma sha ɗaya ke nan ina kallon agogo, bai cike min ba. Motarsa tana nan a ƙofar gida, ni kuma ina nan a teburina, ko mayafi ban ɗauka ba.